Fitilar jakar iska ta kunna a motar lantarki: a sa razista, ko a nemo inda wayar ta lalace?

Wani ƙanenmu da ke tuƙa wa wani gida motar lantarki a Jidda ya aiko da sallama da tambaya. Ya ce an kai motar an yi wa kujeru talbis, wato an rufe su da sabuwar fata, an kuma wanke cikinta, bayan kwana biyu sai jar fitilar jakar iska, wato jakar da ke kumbura ta kare mutum lokacin karo, ta kunna a dashbod. Wani lokaci takan mutu da kanta, amma da ya ja kujerar direba baya sai ta dawo. Ya kai ta wurin wani mai wayarin a sina'iyya, wato unguwar masu gyaran mota, aka goge lambar matsalar da kwamfuta, kafin ya isa gida ta sake kunnawa. Mai wayarin ya ce a sa razista, wani ɗan kayan lantarki mai rage gudun wuta, a ƙarƙashin kujera a kan riyal 100, fitilar ba za ta ƙara fitowa ba. Yana so ya san ko ya yarda, in kuma bai yarda ba, yaya ake gyaran.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka yarda a sa razistan nan. Aikina ke nan, wayarin mota, kuma daga yadda ka kwatanta abin ina kyautata zaton matsalarka ƙarama ce, wataƙila ba ta wuce soket guda ɗaya ba. Amma sai an bi ta a kan hanya, domin motar lantarki tana da wasu sharuɗɗa da motar fetur ba ta da su.

Kowace jakar iska da ke motar, da kowane abin da ke fizge bel ya matse mutum a kujera lokacin karo, yana da ɗan ƙyastu a cikinsa: siririyar waya ce da sinadari kewaye da ita. Idan kwamfutar jakar iska ta tabbatar an yi karo, sai ta tura wuta, wayar ta yi zafi, sinadarin ya kama, jakar ta cika cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin 20 na daƙiƙa. Wayoyi biyu ne ke zuwa kowane ƙyastu, a murɗe da juna, soket ɗinsu kuma galibi rawaya ne. Muddin motar na kunne, kwamfutar tana tura wata 'yar wuta da ba ta isa ta tada ƙyastun ba, tana auna om nawa ne a layin, wato yawan turjiyar da layin ke yi wa wuta. Ƙyastun kansa yakan kasance tsakanin om 2 zuwa 3. Ka ga ke nan ba wani fili mai yawa, tsatsa ko sakwarkwacewar da ta ƙara om ɗaya ko biyu a bakin soket ta isa ta fitar da layin daga iyakar da kamfani ya sa. Da kwamfuta ta ga haka sai ta kunna fitila. Abin da fitilar ke nufi shi ne babu tabbacin jakar da ke kan wannan layi za ta buɗe ranar da ake buƙatarta, a wasu motocin ma abin yakan shafi fiye da layin guda.

To me razista ke yi? Ana cire soket ɗin jakar, a liƙa razista mai om daidai da na ƙyastu, kwamfuta ta auna ta ga lafiya, ta kashe fitila. Jakar kuwa tana nan cikin kujera ba waya a jikinta. Mai gadi ne ya yi kururuwa, maimakon a fita a duba sai aka ɗaure masa baki. Kai da ke zaune a kujerar nan daga safe zuwa dare, kana bin titin Madina da hanyar Haramaini, jakar gefen nan ita ce tsakanin haƙarƙarinka da ƙofa idan wani ya shigo maka ta gefe. Kuma duk wanda ya sayi motar daga baya, ko ya hau ta, ba shi da hanyar da zai san an yi haka. Wannan ha'inci ne, ba na yi, ba na kuma barin yaran da ke koyon aiki a hannuna su yi.

A motar lantarki akwai ƙarin dalili. Kwamfutar jakar iska ba jaka kaɗai take tayarwa ba. Ita ce ke sanar da sashen babban batir cewa an yi karo, a yanke wutar nan mai bolt 400, a wasu motocin 800. Motoci da yawa suna da wani fiyus mai ƙyastu a cikinsa, wanda ke datse babban layin a take. Saboda haka mai wasa da wayoyin wannan kwamfuta ba tare da ya san wace waya ce ta ina ba, yana iya taɓa abin da zai hana wuta yankewa bayan haɗari, ko kuma ya tada fiyus ɗin motar ta tsaya cik, sai an ɗauke ta a kan sadaha, wato motar ɗaukar motoci, zuwa wakala, garejin wakilin kamfanin.

Yanzu ga yadda ake binciken. Abu na farko ba soket ba ne, ƙaramin batir ne. Mutane suna mantawa motar lantarki ma tana da batir mai bolt 12, kuma daga shi kwamfutoci duka ke shan wuta, har da ta jakar iska. Zafin ƙasar nan yana cin batir da wuri. Batirin da ya gaji yakan sa kwamfutoci su riƙa rubuta lambobin matsala barkatai. Batir irin na ruwa idan ya cika yana hutawa a wajen bolt 12.6, idan mota ta tashi kuma na'urar da ke sauke wuta daga babban batir takan ɗaga shi zuwa wajen 14. Wasu sababbin motocin, irin Tesla na bayan 2021, ƙaramin batirinsu na litiyam ne mai wajen bolt 16, don haka kada wani ya ga 15 da wani abu a mita ya ce caji ya yi yawa. Ba na zaton batir ne matsalarka, tunda fitilar na bin motsin kujera, amma awon minti biyu ne.

Na biyu, a karanta lambar matsalar, a rubuta ta a takarda ko a ɗauke ta hoto, kafin kowa ya goge. Abin da ya fi ɓata mini rai a labarinka ke nan, an goge ba a gaya maka abin da aka gani ba. Ƙananan na'urorin nan masu araha da ake sakawa ƙarƙashin sitiyari yawancinsu injin kawai suke karantawa, ana buƙatar wadda ke shiga kwamfutar jakar iska ta irin motarka. Lambobin wannan sashe da harafin B suke farawa. A tsarin da kamfanoni da yawa ke bi, B0001 jakar sitiyari ce, B0010 ta gaban fasinja, B0020 jakar gefen hagu, B0028 ta gefen dama. Tunda a Saudiyya direba a hagu yake, B0020 nake tsammanin gani a motarka, ko lambar abin fizge bel na direba idan a jikin kujera yake. Wasu kamfanonin suna da nasu salon lambobi, amma bayanin da ke ƙarƙashi iri ɗaya ne. Kuma wutsiyar lambar ta fi kanta amfani. Idan ta ƙare da 13, layi ya yanke. Idan 1B ce, om ya yi yawa, wato tsatsa ko sako-sako. Idan 1A ce, om ya yi kaɗan, wayoyin biyu sun haɗu ko soket bai shiga ya kulle ba. 11 waya ta taɓa bodi, 12 kuma ta taɓa wata mai wuta. Mai wayarin da ya karanta wannan ya riga ya yi rabin aikinsa.

Na'ura mai kyau tana kuma nuna om ɗin kowane layi kai tsaye yayin da motar ke kunne. Nan ake kama matsala mai zuwa tana tafiya irin taka. Mutum ɗaya ya riƙe na'ura yana kallo, ɗaya ya riƙa jan kujera gaba da baya, sama da ƙasa, ba tare da ya cire komai ba, kuma ba ya jingina da gefen kujerar da jakar take. Idan awon yana zaune a 2.5 sai ya yi tsalle zuwa 5 ko ya ɓace a daidai wani wuri, an san unguwar da matsalar take. Haka ake yi wa jakar sitiyari: a juya shi har ƙarshe hagu da dama. Idan awon na tsalle, sharidi, wato faifan wayar da ke nannaɗe a bayan sitiyari, shi ne ya fara karyewa, sau da yawa hon ko maɓallan sitiyari ma sukan daina aiki tare da shi. Wannan ba a gyara shi, sabo ake sawa, tayoyi a miƙe, shi kuma a tsakiyarsa, in ba haka ba juyi na farko zai tsinke shi.

Sai batun kashe wuta kafin a taɓa soket, kuma a nan nake so ka buɗe ido idan kana tsaye ana aikin. A motar fetur ana kashe makulli, a cire kan batir na ragi, a jira. A motar lantarki cire kan ƙaramin batir kaɗai ba lallai ya kashe layin bolt 12 ba, domin idan motar a farke take, na'urar da ke sauke wuta daga babban batir za ta ci gaba da ciyar da layin. Motar ba ta da ƙara, tana iya zama a shirye mutum bai sani ba. Tana kuma iya farkawa da kanta saboda caji, ko an buɗe ƙofa, ko maigidan yana ofis ya taɓa manhajar wayarsa don a sanyaya masa ciki. Don haka a cire ta daga caji, a kashe ta ta hanyar da littafin kamfani ya ce, a nesanta makulli da wayar da ke buɗe ta. Tesla misali, akwai wani madauki na musamman da aka tanada wa masu kai agaji, a littafin gyaransu ana zare soket ɗinsa tare da cire ƙaramin batir. Zarewa ake yi a gareji, ba yankewa ba, yankewa ta 'yan kwana-kwana ce. Kafin duk wannan, a sauke gilasai, a bar ƙofofi a buɗe, a ja kujera zuwa inda hannu zai kai ga soket da kusoshinta, domin da wuta ta mutu kujerar lantarki ba za ta motsa ba, wasu ƙofofin ma ba za su buɗu daga waje ba. Bayan an cire, a jira. Kwamfutar jakar iska tana ajiye wuta a cikinta don ta iya tada jaka ko da batir ya fashe a karo. Wani kamfanin minti ɗaya zuwa uku yake cewa, wani har goma. Ni goma nake jira idan littafin ba ya gabana. Sannan a auna da mita a tabbatar layin bolt 12 ya mutu da gaske.

Wayoyi masu kauri masu launin ruwan lemo na babban batir ne. Aikin jakar iska bai kai ga taɓa su ba, ko kusa. Wanda zai taɓa su sai mai horo, da safar hannu mai jure bolt 1000.

Da wuta ta mutu, ido ne ke fara aiki. A leƙa ƙarƙashin kujera da tocila. Masu talbis sukan cire kujera ko su kwantar da ita, su zare soket, su mayar a gurguje. Soket ɗin nan yana da ƙaramin makulli na biyu da ake dannawa bayan ya shiga, in ba a danna ba zai yi kamar ya zauna alhali yana lilo. Sukan kuma ɓalle maƙalan da ke riƙe dafira, wato damin wayoyin, a jikin ƙarfen kujera, sai wayar ta riƙa ja duk lokacin da kujera ta koma baya, ko ta shiga layin da kujerar ke gudu a kai ya ɓare ta. Haɗa da ruwan wanki da ya kwanta a kafet, da laimar Jidda da ba ta barin abu ya bushe da wuri, sai ka ga bakin fil ya yi kore ko fari. Robar ruwa da takalman yara da ake turawa ƙarƙashin kujera daga baya su ma sun lalata soket da yawa.

Tunda maganar talbis ta zo, ka duba abu ɗaya. Jakar gefe ta cikin ɗinkin gefen kujera take fashewa ta fito, kuma kamfani ya yi wannan ɗinki da zaren da zai tsinke. Idan mai talbis ya rufe wurin da fata mai kauri da ɗinki mai ƙarfi, ko wayarin lafiya lau ne jakar ba za ta fito yadda ya kamata ba, kuma babu fitilar da za ta gaya maka. Ka faɗa wa maigidan wannan.

Idan ido bai nuna komai ba, sai a raba layin. A nan ne razista ke da halattaccen aiki, na 'yan mintoci, a matsayin kayan gwaji. Ana zare soket ɗin jakar, a sa na'urar gwaji mai om ɗin da kamfani ya faɗa a ɓangaren da ke tafiya wajen kwamfuta, a mayar da wuta, a karanta. Idan matsalar ta ɓace, laifin yana cikin kujera, ko guntuwar wayar ciki ko jakar kanta. Idan tana nan, laifin yana tsakanin soket da kwamfuta. Sai a sake kashe wuta, a sake jira, a matsa zuwa mahaɗa ta gaba. Kowane zarewa da mayarwa sai an kashe wuta, ba gajeriyar hanya.

Dokar da ba ta da sassauci: ba a ɗora mita a kan jakar iska, ba a kuma taɓa layinta da fitilar gwaji. Mita tana tura tata wutar idan tana auna om. Awon wayoyi sai an raba su da jaka ta nan, an raba su da kwamfuta ta can. A lokacin waya mai lafiya ba ta kai om ɗaya daga baki zuwa baki, kuma ba ta nuna wata alaƙa da bodi ko da 'yar'uwarta. Akwai tarko guda da ke ruɗa sababbin hannu. Soket ɗin wannan sashe yana da wani ɗan ƙarfe da ke haɗe fil biyu da zarar an zare shi, don kada wutar jikin mutum ta tada ƙyastu. Sai yaro ya auna ya ga sifili ya ce dafira ta yi shot, a sayo sabuwa a banza. Littafi yana nuna yadda ake raba ɗan ƙarfen da siririyar roba lokacin awo. Shi kansa ƙarfen idan ya lanƙwashe bai janye ba bayan an mayar da soket, shi ke kawo lambar 1A. Kada kuma a cusa tsinken mita cikin ramin fil, yana buɗa shi, a je neman matsala ɗaya a haifar da wata. Jakar da aka cire a ajiye ta fuskarta sama, nesa da mutane, mai ɗauka kuma ya taɓa ƙarfen mota tukuna, musamman a busasshiyar iska irin ta Riyad inda jiki ke tara wuta.

Gyaran kansa ya danganta da abin da aka samu. Soket da bai kulle ba, a kulle shi, a mayar da maƙalai, a bar wa wayar sararin da kujera za ta je ƙarshen gaba da ƙarshen baya ba ta ja ba. Fil da ya yi tsatsa ko ya buɗe, sauya shi ake yi da irinsa, domin yawancinsu da ruwan zinari aka shafe su, gogewa da sanfefa tana cire shafen, bayan wata biyu fitila ta dawo. Waya da ta yanke kuwa, nan kamfanoni suka rabu. Wasu sun yarda a sayo guntun soket mai wutsiyar waya a haɗa da matsi na musamman mai rufin da zafi ke tsukewa, waya mai kauri iri ɗaya, a mayar da murɗinta yadda yake. Wasu sun hana ɗinki gaba ɗaya, sai sauya dafirar. Abin da littafin motarka ya ce shi za a bi. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif ba ya cikin zaɓi, haka yanke soket a haɗe wayoyin kai tsaye, wanda na san ana yi, domin an jefar da ɗan ƙarfen kariyar nan ke nan. Dalma ma ba na so a wurin da ke motsi, waya takan yi tauri a gefenta ta karye. Jaka ko kwamfuta daga tashlih kuwa, wato inda ake ɓalle matattun motoci a sayar da kayansu, ba ka san ruwan da ta sha ko karon da ta gani ba. Kuma kada kowa ya huda daɓen motar ko ya ɗaura sukuru don ya riƙe waya. Babban batir yana shimfiɗe a ƙarƙashin ƙafarka.

Ruwa yana da nasa hukunci. Kwamfutar jakar iska a tsakiyar mota take zama, a ƙasa, tsakanin kujerun gaba. Duk wanda ya ga ruwan Nuwamban 2009 ko na Nuwamban 2022 a Jidda ya san yadda motoci suka nitse, kuma irinsu sukan dawo haraj, kasuwar gwanjon motoci, a goge tas. Bututun zubar da ruwan na'urar sanyaya mota idan ya toshe shi ma yakan jiƙa wurin a hankali. Kwamfutar da ruwa ya shiga ba a busar da ita a mayar, sauyawa ake yi, motar lantarki kuma sai an duba mata lafiyar babban batir. Ba a kuma ba kwamfutar wuta tana kwance ba a ɗaure ba, domin tana jin karkata, ɗaga ta da hannu yana iya zama mata kamar mota ta kife, ta tada jakunkunan labule, waɗanda ke saukowa su rufe gilasan gefe.

Bayan an haɗa komai, kusoshin kujera a ɗaure su da awon da kamfani ya sa, domin su ke riƙe kujera da mutumin da ke kanta a karo. Idan kujerar fasinja aka taɓa, wasu motocin sai an sake saita na'urar da ke gane akwai mutum a kai. A mayar da wuta ba kowa a cikin motar, sannan a goge lambar. Fitila ta kunna 'yan daƙiƙu ta mutu da kanta, haka lafiyayyiya ke yi. Wadda ba ta kunna ko kaɗan ita ma matsala ce. A sake gwajin jan kujera ana kallon om, ya zauna daram kusa da na kujerar ɗaya gefen.

Saura inda za ka kai ta. Motocin nan sababbi ne a ƙasar. Masana'antar Lucid da ke Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdallah, arewa da Jidda, a Satumban 2023 aka buɗe ta, Tesla kuma sai Afrilun 2025 ta buɗe a Riyad. Masu wayarin da yawa a sina'iyya gwanaye ne a motar fetur amma ba su samu horo a kan wannan ba tukuna, kuma motar gidanku da wuya a ce ta fita daga daman, wato garantin kamfani. Saboda haka ka gaya wa maigidan abin da ya faru tun daga talbis ɗin, ba tare da ka rage komai ba, a nemi maw'idi, wato ranar da za a kai ta, a wakala. Idan sun ce laifin masu talbis ne daman bai ɗauka ba, kuɗin kulle soket ko sauya fil ba zai yi yawa ba, amma yanke waya a waje yana iya jawo su ƙi ɗaukar nauyin sashen daga baya. Ku kuma sa lambar shasi a shafin kiran motoci masu lahani na Ma'aikatar Kasuwanci, idan akwai kira a kan motar gyaran kyauta ne. Kafin ranar, ka kwashe duk abin da ke ƙarƙashin kujerar, ka daina ja da ita, kowa ya ɗaura bel, tafiya mai nisa irin ta Madina ko Ɗa'ifa kuma a ɗage ta ko a ɗauki wata motar. Idan an karanta lambar ka aiko mini da ita har wutsiyarta, zan gaya maka wane soket za a fara dubawa. Allah ya tsare hanya.